Turanci a Bakin Ɗan Kwanyawa: Jawabi ga Taron Malaman Firamare

Mai girma shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka halarci wannan zama, 'yan uwa malamai maza da mata.

An ɗora mana nauyin yin magana kan dabarun da za su sa yaro ya so darasin Turanci. Sai mu fara da duba inda muke. Yaron Kwanyawa, kamar takwaransa na sauran ƙauyukan Karaye da Rogo, da Hausa yake tashi, wani da Fulatanci, kuma yana jin Larabci a makarantar allo. Turanci kuwa ba ya jin sa a gida, ko a gona, ko a kasuwa. A takarda harshen hukuma ne, amma a kunnen yaron nan baƙo ne.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ce a soma da harshen gida, daga bisani a koma Turanci, kuma an daɗe ana yin wannan sauyi a aji huɗu. An sha sauya magana a Abuja kan batun, amma littattafan lissafi da kimiyya da takardun jarrabawa suna nan da Turanci. Yaron da ya iso aji huɗu ba tare da harshen ba sai ya yi tsit, mai hazaƙa ya zama kamar daƙiƙi, mahaifi kuma ya ga gara ya tafi da shi gona.

A ganinmu, dabara mafi ƙarfi ita ce a nuna wa yaro cewa ba hannu rabbana ya zo ba. Ya san bokiti, ya san tebur da benci da fensir da burodi, kuma duk daga Turanci Hausa ta aro su. Malami ya ɗaga bokiti, yara su faɗi sunansa, shi kuma ya ce "bucket", ya tambaye su abin da ya ɓace. Su da kansu za su gano cewa wasalin ƙarshe ne. Haka "bench" da benci, haka "bread" da burodi. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, kuma galibin kalmominta da wasali suke ƙarewa, shi ya sa harshen yaro ke cusa wasali inda Bature bai sa ba. Idan ya gane dalili, gyaran ya zama wasa. Haka rikicin "p" da "f", waɗanda Hausa ba ta bambanta su. Ɗan yankin takarda a gaban leɓe ya isa: a "pan" leɓɓa biyu ne ke haɗuwa, iska ta fashe, takarda ta yi tsalle, a "fan" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ajin da ya yi wannan da dariya ba ya mantawa.

Sai jiki. Wani masani ɗan Amurka, James Asher, ya yi nazari a shekarun 1960 kan koyon harshe ta bin umarni: a ce tashi, zauna, taɓa ƙofa, yaro ya aikata tun kafin ya iya furtawa. Wannan ya dace da aji mai cunkoso, domin ba ya buƙatar littafi ko ɗaya. Wasan kasuwa ma haka: gwangwanaye, albasa, murafen kwalba a matsayin kuɗi, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, amma da Turanci. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa a ba da ita da Hausa tukuna, sannan a maimaita ta cikin gajerun jimloli biyar.

Akwai makarantun da har yau ake dukan yaro ko cin sa tara don ya yi Hausa. Ba mu goyon bayan wannan. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A nan jiharmu, shirin KaLMA da aka fara a Wudil da Dawakin Tofa a 2019 ya haɗa Hausa da Turanci, ya kuma kasa yara bisa abin da suka iya karantawa, ba bisa ajinsu ba.

Roƙonmu ga reshe shi ne a ware rana ɗaya a kowane zango da malaman Turanci za su shiga ajin juna su ga yadda darasi ke gudana. Iyaye kuma, ko ba ku jin Turanci, idan yaro ya dawo ku nuna masa abu uku a tsakar gida ku ce ya faɗi sunayensu.