Wahalolin Bincike Da Tabarau Mai Kwaikwayon Duniya

Jawabin yau ya shafi wata na'ura da Turawa ke kira VR, watau wani tabarau mai kauri wanda in mutum ya ɗaura shi a fuska, sai ɗakin da yake ciki ya ɓace masa, ya ga kansa a wani wuri dabam da kwamfuta ta tsara. Mai sayar da goro a Sabon Badun yana iya ɗaura shi ya ga kamar ga shi tsaye a gindin Dutsen Zuma, in ya waiwaya kuma ya hangi hanyar Kaduna.

Abin ya daɗe. Tun cikin 1968 wani masani a Amurka, Ivan Sutherland, ya ƙera irinsa, amma sai da aka rataye shi a rufin ɗaki kafin a iya sa kai a ciki. Ya bazu ne bayan da Facebook ya sayi kamfanin Oculus cikin 2014. A Abuja kuwa, hukumar NITDA ta buɗe cibiyar NCAIR cikin 2020 domin bincike kan sababbin fasahohi, ga kuma jami'o'in birnin. Masu ilimi suna son su gane ko tabaran zai taimaka wajen koyar da ɗalibai, ko horar da likitoci kafin su taɓa majiyyaci.

Wahalar farko kowa ya san ta. Da dala ake sayen na'urar, dala kuwa da take ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 cikin 2024. Batirinta kuma ba ya wuce awa 2 zuwa 3, sai a koma jiran wuta.

Wadda ta fi wannan ita ce hajijiya. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana tafiya, alhali kuwa jiki yana zaune daram a kujera, daga nan sai jiri da tashin zuciya su taso, kamar yadda yakan sami wasu fasinjoji a motar Ikko zuwa Kano. To, in ɗalibi ya kasa amsa tambaya bayan darasi, ta yaya mai bincike zai san ko darasin ne bai shiga ba, ko kuwa cikinsa ne ya juya? Takardar da aka fi amfani da ita wajen auna wannan an tsara ta cikin 1993 daga bayanan sojojin ruwan Amurka masu koyon tuƙin jirgin sama, tana da alamomi 16, kuma da Turanci take. Ɗaya daga cikinsu tana tambaya ko mutum yana jin kansa ya cika. A juya wannan da Hausa a gani, wani zai ɗauka mura ake nufi, wani kuma ya ce zaginsa aka yi.

Kazalika ba a ƙera tabaran da kawunanmu a zuci ba. Maɗaurinsa ba ya shiri da rawani, ko babban ɗaurin ɗankwali, ko kitso. Matar da ba za ta buɗe kanta gaban namiji baƙo ba sai ta haƙura ta tafi, a ƙarshe a rubuta sakamakon samari 'yan jami'a a ce na jama'a ne.

Sai batun amana, wanda mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kai. Cikin 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, aka sa yara 200 a ciki, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano cikin 2009. Tabarau ba allura ba ne, amma shi ma yana ɗaukar wani abu daga jikin mutum, domin yana rubuta kowane motsi na kai da hannu. Cikin 2023 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna cewa daga motsin daƙiƙa 100 kawai ana iya gane mutum cikin mutane fiye da 55,000, a dace sau 94 cikin 100. Ashe share suna daga takarda bai isa ya ɓoye kowa ba.

Saboda haka duk wanda aka gayyata irin wannan gwaji, a Agege yake ko Shagamu ko Fatakwal, yana da abin dogaro a Abuja. Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007 sun wajabta a yi masa bayani yadda zai fahimta, kuma yana da ikon janyewa duk sa'ad da ya so. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ba shi damar tambayar abin da aka ajiye a kansa, da wanda za a ba, har ya nemi a goge.