Fari, Dabbobinmu da Haƙƙinmu a Abuja: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

Tun bayan ɗaukewar ruwan sama a tsakiyar daminar 2024, magidanta masu kiwo suke ta tambayarmu: idan fari ya cinye makiyaya, shin gwamnati za ta biya mu? Gaskiyar magana ita ce, a Nijeriya babu dokar da ta ce wanda ciyawa ta ƙare wa dabbobinsa yana bin gwamnati ko sisin kwabo. Abin da ake samu agaji ne, irin na hukumar NEMA da aka kafa a 1999, shi kuwa agaji sai an ga dama. Akwai kuma inshorar NAIC, wadda doka ta ce gwamnati za ta iya ɗauke wa manomi har rabin kuɗinta, amma dabbar da ta mutu take biya. Kuɗin dusa da harawar da kuka kwasa a Dei-Dei don ku riƙe garke da rai, wannan naku ne.

A wasu ƙasashen abin ya sha bamban. A Amurka, tun dokar noma ta 2008, da zarar taswirar fari ta nuna gundumar makiyayi ta kai wani mataki, za a biya shi wani kaso na kuɗin abincin dabba. Kenya ma a 2015 ta fara wani shiri a Wajir da Turkana, inda tauraron ɗan'adam ke auna koren ciyawa, idan ya ragu sai kuɗi su shiga wayar makiyayi tun dabbar tana tsaye. A duka biyun, wanda sunansa ke cikin rajista shi ake biya.

To, nan ne namu ciwon yake. Kakanninmu sun biya jangali kan kowace saniya, lokacin karɓa ba a taɓa kasa ƙirga su ba. Yau idan kayan agaji suka zo, sau da yawa ta hannun masu unguwanni ake rubuta sunaye, sai a ce da mutumin da ya shekara talatin a Gwagwalada ya kawo takardar shaidar asali. Mun ga an yi wa 'yan ƙungiyar nan haka. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta a hana ɗan ƙasa wani abu saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa, sashe na 41 kuma ya ba shi damar zama duk inda ya so. Wannan ba faɗa ba ne da 'yan'uwanmu Gwari da suka karɓe mu, su ma fari bai bar gonakinsu ba.

Tunda an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, za mu rubuta mata buƙatu biyu: a yi tsarin biyan asarar makiyaya a rubuce, kuma duk rajistar da za a yi a Kawu, Paikon Kore, Karshi da Rubochi ta dogara da inda mutum yake zaune.

Kafin nan mu fara da tamu rajistar. Kowane gida ya kawo adadin shanu, tumaki da awakinsa, da takardar rigakafi idan akwai. Iyayenmu mata, tumakin turke naku ne, da sunanku za a rubuta. Sakatare zai zauna da littafin ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.