Maƙoƙo da Bugun Zuciya: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Minti goma aka ba ni, saboda haka kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa. Har da ku malamanmu, ranku ya daɗe, yau ni ke da allo. Jijiyar mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, daki-daki kamar sawun fareti. Wanda ya ji tasa tana gudu tana tsayawa ba tsari, ya same ni bayan taro.

Ga dalilina. Shekarun baya an kawo mini wani dattijo asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wata takwas yana ramewa alhali yana ci sosai, ga gumi, ga rawar hannu, ga faɗuwar gaba. Dangi suka ce jifa ne. Da muka auna jini, sai ga shi ciwon daga wuya ya taso.

Akwai wani ɗan nama a gaban maƙogwaro mai siffar malam-buɗe-littafi, mu likitoci muna ce masa tayirod. Shi ne in ya kumbura kuke ce maƙoƙo. Sinadarin da yake fitarwa ke tsara saurin aikin jiki. In ya yi ƙaranci, sai kasala da jin sanyi da ƙiba. In ya yi yawa, sai ya zaburar da zuciya har ɗakunanta na sama su daina matsawa su koma karkarwa. Jini ya kwanta a ciki ya daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Irin wannan bugu yana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau 5.

Kada ku ce ai wuyana bai kumbura ba. Na dattijon nan ma bai kumbura ba, kuma a shekarunmu sau da yawa rama da bugun nan ne kaɗai alama. Gishiri mai aidin da aka wajabta a Nijeriya a 1993 ya rage maƙoƙo ƙwarai, amma ba ya hana tayirod wuce ƙima. Ku gaya wa iyali, don ya fi kama mata.

Gwaji biyu za ku nema: hoton bugun zuciya, wato ECG, da gwajin jini na TSH. Akwai ƙwayar da ke kwantar da tayirod, kamar carbimazole, sau da yawa kuma zuciya takan daidaita in ya kwanta. Wanda likita ya ɗora kan maganin hana jini daskarewa, irin su warfarin, kada ya daina don ya ji sauƙi, kada kuma ya musanya shi da asfirin ɗin kemis, bai isa ba. In kana shan jiƙo, ka faɗa wa likitanka.

Dattijon yana raye, da sanda yake tafiya, maganar ba ta dawo duka ba. Ga shugaba yana duban agogo.