Jawabi Ga 'Yan Kasuwa A Kan Sayen A-kori-kura



Wanda duk ya tara guminsa zai sayi a-kori-kura, to, ya sani kuɗin mota daban, kuɗin hukuma daban.

Da fari, kada ka ba dillali ko kwabo sai ka ga takardar kwastan, lambarta ta dace da lambar jikin motar. In ba a biya kuɗin fito ba, ran da aka tare ka a hanya, motarka za a kama, dillali kuwa yana gida.

Na biyu, tun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Tambayi mai sayarwa ko yana cikin farashin.

Na uku, faɗi gaskiya wajen yanka lamba. Jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na motar gida. Wanda ya yi haya da shuɗiyar lamba ya ba masu tare hanya wuƙa da nama.

Daga ƙarshe, kowane kwabo ka biya, karɓi rasit. Mai karɓar haraji ba rasit, aljihunsa yake cikawa.

Allah ya ba mu sa'a, amin.