Kafin Ki Karɓi Aikin Wakiliyar Kamfanin Inshora

Waɗanda suka taso daga Shinkafi da Zurmi, mun san yadda hanya take a wannan lokaci, Allah Ya mayar da ku gida lafiya.

Yau ba lissafin akwati za mu yi ba. Wata 'yar'uwarmu ce ta zo mini da tambaya, na ga ya kamata kowa ta ji amsar. Wani mutum ya same ta ya ce kamfaninsu na inshora yana neman wakilai mata. Za ta riƙa shiga gidaje tana rubuta sunayen masu so, a ba ta kamasho a kan kowace mace. Ta ce mini, "Malama, in karɓa ko in bari?"

Aikin wakilcin inshora sana'a ce, akwai masu ci da iyalinsu da ita. Amma ku tambayi kanku, me ya sa aka zo wurinku? Saboda ku kuke shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, kuma in kun yi magana ana yarda. Wannan yardar ita ce jarinku. In kamfani ya cika alkawari, ta ƙaru. In ya gudu, mutumin birni ya koma birni, ke kuwa kina nan, da ke za a haɗu a gidan suna da gidan biki.

Ni ma na taɓa faɗawa. Da na gama difloma a Kaura Namoda ina zaman jiran aiki, wani ya karɓi kuɗin fom a hannuna ya ce an ɗauke ni wakiliya. Na rubuta mata shida a unguwarmu, har da gwaggona. Bayan wata biyu wayarsa ta daina shiga. Sai da na sayar da tunkiyata na mayar musu da kuɗinsu, kuma har yau in na kawo wata magana gwaggo sai ta ce, "Ba irin waccan ba ce dai ko?" Shi ya sa nake so ku riƙe tambayoyi biyar.

Ta farko: kamfanin yana da lasisi? A Najeriya hukumar NAICOM ce take ba kamfanonin inshora izini, an kafa ta a 1997, hedikwatarta tana Abuja. Tana wallafa sunayen kamfanonin da ta yarda da su a intanet. Ki sa ɗanki ko ɗaya daga cikinmu ya duba miki a waya. Kada a nuna miki takardar rajistar CAC ki ce shi ke nan. Waccan shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, ko mai shagon hatsi yana iya samun ta. Bayan haka ki tabbatar mutumin da ya zo ma'aikacinsu ne da gaske, don ɓarawo ma yana iya ara sunan kamfani mai kyau. Ki nemi lambar ofishin ta wata hanya daban, ki kira ki tambaya. Ke kanki ma, doka ta ce sai kin samu horo an yi miki rajista da NAICOM kafin ki fara. Wanda ya ce miki "fara gobe, babu buƙatar komai", ki tsaya tukuna.

Ta biyu: suna biya in asara ta zo? Karɓar kuɗi kowa ya iya. Ki ce su haɗa ki da mutum biyu ko uku a Gusau ko nan yankinmu waɗanda aka taɓa biya diyya, ki ji daga bakinsu: wata nawa suka jira, wace takarda aka nema, sau nawa suka yi zirga-zirga. In ofishi mafi kusa yana Kano ko Sakkwato, ki san cewa ke za a riƙa bugawa ƙofa.

Ta uku: me aka rufe, me aka cire? Kowace yarjejeniyar inshora tana da jerin abubuwan da ba a biya. Tambayar farko da matan Zurmi za su yi miki ita ce, "In 'yan bindiga suka kore awakina, za a biya ni?" Yarjejeniyoyi da yawa suna cire asarar da ta zo ta hanyar yaƙi, tarzoma ko ta'addanci. Ki sa a karanta miki a fassara da Hausa, a nuna miki layin da yatsa. Abin da ba a rubuce yake ba, kada ki yi alkawarinsa. Gara mace ta ƙi shiga yau da ta zo tana kuka a ƙofarki gobe.

Nan ne kuma maganar addini take shigowa, don za a tambaye ki. Akwai tsarin da ake kira takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da suke aiki da shi. A tsarin, mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda asara ta sama a taimake shi daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, in an samu rara a raba wa mahalarta. Ya yi kama da ɗan akwatin taimakonmu na rashin lafiya da gobara. Amma sunan Larabci kaɗai bai isa ba. Ki tambayi su waye malaman da suke sa ido a kan kamfanin, sannan ki duba lasisi kamar yadda na faɗa.

Ta huɗu: ina kuɗin mutane suke shiga? Asusun banki mai sunan kamfani, da rasit mai sunan wadda ta biya. Kada ki tura wa wani ta asusunsa na kansa, ko da shi ne ogan da ya ɗauke ki. Ka'idar inshora ita ce sai kuɗi sun isa kamfani kariya take farawa. In sun maƙale a aljihun wani, mace tana ganin tana da inshora alhali ba ta da komai. Kuma kada ki riƙa yawo da kuɗin jama'a a jaka a kan waɗannan hanyoyin namu.

Ta biyar: ke me za ki samu? Yawanci babu albashi, kamasho ne. Ki zauna da biro. A ce kamashonki naira 10 ne a kowace 100, kika rubuta mata 20 kowace ta biya naira 2,000. An tara 40,000, naki 4,000. Cire kuɗin mota zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, cire katin waya, cire ranar da ba ki soya ƙulinki ba. Me ya rage? Ki tambaya yaushe ake biya, kuma in mace ta daina zubi, za a ƙwace kamashon da aka ba ki? Duk a rubuta, a sa hannu.

Inshora ba ta ninka kuɗi. Duk wanda ya ce ki zuba 10,000 ki ɗauki 20,000 a wata ɗaya, ko ya ce ribarki tana cikin kawo wasu wakilan, ku tuna MMM da ya rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ga dokar da nake roƙon kowace ƙungiya ta ɗauka. Kuɗin akwati ba a taɓa su don sayen fom ko inshora sai an kawo maganar gaban taro, an amsa tambayoyin nan biyar, an kaɗa ƙuri'a. Wadda ta zama wakiliya kuma ba za ta riƙe mabuɗin akwati ba, don kada hannu ɗaya ya haɗa amana biyu.

'Yar'uwarmu da ta yi tambaya ta koma wa mutumin da waɗannan tambayoyi a rubuce. Ya ce zai kawo amsa mako mai zuwa. In ya kawo, za mu duba tare a zama na gaba. In bai dawo ba, ita ma amsa ce.

Yanzu sakatariya ta rubuta tambayoyin a bangon littafin ƙungiya. Mai tambaya ta ɗaga hannu.