A San Yadi Kafin a Sa Almakashi: Jawabin Shugabar Sashen Ɗinki da Rini a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

An ce in yi magana a kan kayan aiki. Ni kuwa abin da na sani shi ne yadi, don haka a kansa zan tsaya.

Waɗanda suka daɗe a cikinmu ba su manta da shekarar da muka karɓi aikin ankon wani biki ba. Farar shadda muka sayo da kuɗin asusu, mai shagon ya rantse mana auduga ce zalla, ga ta da sauƙin kuɗi. Muka tsoma ta a rini muna jiran shuɗi mai duhu, ta fito fari-fari kamar tsohon zanen da rana ta cinye. Muka sake tsomawa, muka sake, har sau uku. Dangin amarya suka ƙi karɓa, kuma da gaskiyarsu. Ribar da za mu raba a wannan zangon ta tafi wajen biyan su. Abin da ya fi damuna har yau ba kuɗin ba ne. Yarinyar da ta haɗa ruwan rinin muka ɗora wa laifi, ni ce ma na fara yi mata faɗa, ta yi ta kuka, ta ɗauke ƙafa daga wajen aiki kusan wata biyu. Alhali ba abin da ta ɓata. Fiye da rabin zaren shaddar nan roba ne.

To, mene ne bambancin? Auduga tsiro ce, kun san ta, ana noma ta a wajajen Funtuwa da Gusau da Malumfashi. Iyayenmu sun gurje ta, sun shiɓe ta, sun kaɗa ta da mazari. Halinta shi ne shan ruwa. Shi ya sa take tsotse gumi jiki ya sha iska, shi ya sa kuma take karɓar rini har cikin zare. Shunin da ake yi da baba da toka a marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda masu wurin ke cewa tana nan tun 1498, a kan auduga ya yi suna. Shi kuwa zaren roba, wanda ake kira poliyesta, daga sinadaran man fetur ake yin sa, a Ingila aka fara haɗa shi a 1941. Ɗan'uwan robar ruwan nan ne da ke gabanku. Ba ya shan ruwa, to ta ina rininmu zai shiga? A masana'anta wani rini na daban ake yi masa, cikin tukunya rufaffiya mai zafin da ya kai awo 130, wato ya wuce zafin tafasar ruwa. Murhunmu ba zai kai nan ba ko da itacen garin nan duka za mu ƙona.

Kada ku ce na tsani roba. Tana da ranarta. Tana da ƙarfi, ba ta tsukewa in an wanke, tana saurin bushewa, launinta ba ya saurin koɗewa. Labule, jakar makaranta, rigar kujera, duk ta fi auduga jure wahala a nan. Yadin kayan makaranta da yawa gauraye ne, kashi 65 roba, kashi 35 auduga, kuma ga uwar da ke wanki kullum da yamma don yaro ya sa da safe, wannan gaurayen taimako ne. Abin da na ƙi shi ne a sayar mini da roba da sunan auduga, ko mu ɗinka wa jariri rigar roba a watan Afrilu, ƙurajen zafi su feso masa, uwar ta ce mu ne.

Akwai abin da ya fi ƙuraje. Auduga in ta kama wuta ci take yi ta zama toka. Roba narkewa take yi ta manne a fata, kuma ƙunarta ta fi zurfi. Dukkanmu muna girki, wasu da itace, wasu da gas. Don Allah, 'yan'uwa, doguwar hijabin roba da mayafi mai santsi a cire su a rataye kafin a sunkuya gaban murhu. Ku gaya wa 'yan matanku. Maza da ke nan, ku ma ku riƙa tunatarwa.

Yanzu yaya za ki gane? Ai ba sai kin je jami'a ba, ashana ta ishe ki. Ki roƙi mai shago ɗan ƙyalle, ko ki zare 'yan zarurruka daga bakin yadin. Ki riƙe da bakin almakashi, ki ajiye ruwa kusa, ki kunna. In auduga ce za ta ci da sauri, ki ji warin ƙonanniyar takarda, tokar kuma in kin murza ta sai ta watse a yatsa. In roba ce za ki ga tana janyewa daga wutar, tana narkewa da baƙin hayaƙi, ta dunƙule ta zama ɗan ƙullutu mai tauri. In gauraye ne za ki ga duka biyun, ga toka ga ƙullutu. Ki gwada zaren tsaye daban, na kwance daban, domin wani yadin ɗaya auduga ne ɗayan roba. Ulu da siliki na gaske warin ƙonannen gashi suke yi, har da tsamiyar da ake yi wa manyan riguna aiki da ita. Mai shagon da ya hana ki ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, to ya riga ya ba ki amsa.

Akwai wani yadi mai laushi da sanyi, mai zubowa a jiki, da ake yi daga ɓargon itace, a jikin takardarsa za ki ga an rubuta viscose. Shi ma kamar auduga yake ci a wuta, kuma yana karɓar rini da kyau. Sai dai in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake yi. Ki gaya wa mai kaya kada ta murɗe shi wajen matsewa.

Sai maganar sitati. Wani yadin za ki taɓa ki ji shi da kauri, yana ƙara kamar sabuwar takardar kuɗi, ashe sitati aka ɗura masa don a ɓoye saƙa mai faɗin ido. Ki murza gefensa tsakanin yatsu da ƙarfi, ki ɗaga shi ki duba ta hasken rana. In kin ga farin gari ya zubo, saƙar ta buɗe kamar rariya, wanki ɗaya zai tona masa asiri. Shadda mai kyau, irin Getzner da ake yi a ƙasar Ostiriya, ƙyallinta daga ingancin zaren audugar da matsewar saƙar yake farawa, sitati da bugu ƙari ne kawai. Ba na cewa kowa ta sayi wannan, kuɗinta ba na wasa ba ne. Amma araha ba ta ado, kuma tsakanin mai tsada da ta banza akwai matsakaiciya da za ta fisshe mu.

Atamfa kuwa, da muna cewa ki duba ciki da baya, in launin ya ratsa iri ɗaya to mai kyau ce. Har yanzu alama ce, amma masu kwaikwayo sun ƙware, har rubutun bakin zanen suna bugawa. Lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki, tun daga wadda aka buɗe a 1957, mutum ya san inda kayansa suka fito. Yanzu mafi yawan abin da ke Kantin Kwari daga waje yake zuwa, mai kyau da marar kyau a jere. Ni abin da nake yi, in jiƙa farin ƙyalle in goga a gefe. In ya ɗauko launi, zanen zai zuba. Kuma ku yafe ni, iyayena, jiƙa shi da gishiri ba ya hana zubar nan, na gwada ba sau ɗaya ba.

Auduga ma tana da nata laifin, tana tsukewa a wankin farko. Wandon da kika auna daidai sai ya dawo ya tsaya a ƙwauri. Maganinsa a jiƙa yadin, a shanya, a goge, sannan a yanka. Na san gaggawar sallah ba ta barin mu, to a ƙalla a bar sarari a lanƙwasar ƙafa da hannu. In za ki sa shafi, shi ma ki jiƙa shi, domin in riga ta tsuke shafi bai tsuke ba, sai ya leƙo ta ƙasa.

Zare fa? Wanda muke sa wa keke yawancinsa roba ne, ya fi ƙarfi, ba laifi. Amma in za a rina rigar bayan an ɗinka, layin ɗinkin zai fito fari tas a kan shuɗi. Wannan halin nasa kuma shi ya sa yake da kyau wajen ɗaurin rini, tunda yana matsewa kuma ba ya saurin tsinkewa. Allura lamba 11 ga yadi marar kauri, 14 ga atamfa da shadda, 16 ko 18 ga yadin jaka. Da yawa daga kekunan da ake kai wa mai gyara ana cewa suna tsallake ɗinki, allura ce kawai ba ta dace ba.

Masu rini da masu sabulu, magana ɗaya ta haɗa ku. Soda mai cin hannu ba ta shiri da tukunyar alminiyam, cinye ta take yi, ta ɓata haɗin, ta fitar da iska mai kama wuta. A yi amfani da robar wanka mai kauri. A zuba soda a cikin ruwa a hankali, kada a zuba ruwa a kan soda. A sa safar hannu, a yi a fili inda iska ke kaɗawa, yara kuma su yi nesa.

Ga roƙona ga kwamiti. Daga yanzu duk yadin da za a saya da kuɗin asusu, a fara sayo rabin yadi, a ƙona, a jiƙa, a auna kafin wanki da bayansa, a manna ƙyallen a littafi tare da abin da aka gani. Sai mutum biyu sun sa hannu kafin ma'aji ta fitar da kuɗi.

Ranar Alhamis bayan la'asar kowace ta zo da ƙyallaye uku daga ragowar ɗinkinta, ni zan kawo ashana da bokitin ruwa. Wadda za ta nuna mana gwajin kuwa ita ce yarinyar nan da na yi wa faɗa. Yanzu matar aure ce da 'ya'ya biyu, ga ta can zaune a layi na uku tana rufe fuska, kuma ita ke riƙe da rinin ƙungiyar nan gaba ɗaya. Ƙanwata, a gaban jama'a na yi miki faɗa, a gaban jama'a nake neman ki yafe mini.