Ɗan Canji da Uwar Adashi: Yadda Za Ka Gane Fankshin, Kilas da Metod

Shugaban ƙungiya, yayyenmu da suka riga mu zuwa Ingila, da ƙannena da suka iso a watan Satumba, barkanmu da wannan rana ta tunawa da kafa ƙungiyarmu. Minti 15 aka ba ni, to bari in shiga magana kai tsaye.

Injiniyanci na karanta a digirin farko, yanzu ina digiri na uku, kuma nakan taimaka wa sababbin ɗalibai a ɗakin kwamfuta. Abin da nake gani shi ne, yawancinmu ba ilimin kwamfuta ya kawo mu ba. Wani tattalin arziki yake yi, wata kiwon lafiyar al'umma, amma sati uku da fara karatu sai malami ya ce a yi aikin da Python. Daga nan sai a ruga wajen ChatGPT, ya rubuto, a liƙa, ya yi aiki. Ranar kare bincike kuwa, mai jarrabawa zai ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce, me ya sa ka yi kilas a nan? A wannan ɗakin kai kaɗai ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Shi ya sa na zaɓi kalmomin da suka fi rikita mai koyo: fankshin, kilas, objek da metod.

Mu fara da fankshin. Dukkanmu mun san ɗan canji. Ka ba shi fam, ya duba farashin ranar, ya ba ka naira. Ku dubi allo:

def canji(fam, farashi):
    return fam * farashi

Fankshin ke nan: aiki ne da ka raɗa wa suna, yana karɓar abu, yana mayar da abu. Ka rubuta shi sau ɗaya, ka kira shi sau dubu. In wata rana lissafin ya canza, misali aka fara cire la'ada, wuri ɗaya za ka gyara.

Abu biyu nake so ku riƙe a nan. Na farko, bambancin print da return. In ɗan canji ya danna kalkuleta ya nuna maka adadin, wannan print ne: ka gani da ido, amma aljihunka babu komai. In ya ƙirga kuɗin ya damƙa maka, wannan return ne, za ka iya zuwa ka biya haya da su. Fankshin ɗin da ba shi da return, abin da Python ke mayar maka daga gare shi shi ne None, wato babu. Duk ranar da kuka ga None inda kuke jiran lamba, nan za ku fara dubawa. Na biyu, wannan fankshin ba ya tuna ka. Ka dawo gobe, kamar bai taɓa ganin ka ba. Abin da ka miƙa masa a lokacin, da shi kaɗai yake aiki.

To amma akwai aikin da mantuwa ke ɓata shi. Uwar adashi ba za ta ce ta manta wanda ya zuba jiya ba, ai rigima ce. Dole ta riƙe kuɗi, ta riƙe littafi, kuma ta iya ayyuka biyu: karɓar zubi da ba da kwasa. Idan bayanai da ayyukan da ke taɓa su suka zama dole su zauna wuri ɗaya, nan kilas ke shigowa:

class Adashi:
    def __init__(self, zubi):
        self.zubi = zubi
        self.asusu = 0
        self.littafi = []

    def zuba(self, suna):
        self.asusu += self.zubi
        self.littafi.append(suna)

    def kwasa(self):
        kuɗi = self.asusu
        self.asusu = 0
        return kuɗi

Wannan da kuke gani tsarin adashi ne kawai, har yanzu ko sisi ba a zuba ba. Kilas kamar zanen gida yake a takarda, ba mai kwana a cikinsa. Sai ka rubuta na_maza = Adashi(50), ka rubuta na_mata = Adashi(20), sannan aka kafa adashi biyu na gaske. Kowannensu shi ake kira objek. Tsarinsu ɗaya, amma kowa da asusunsa, kowa da littafinsa. Shi kuma __init__ shi ne zaman farko, ranar da aka yanke nawa za a riƙa zubawa aka buɗe sabon littafi. Python da kansa yake kiran sa duk lokacin da aka kafa sabon objek.

Metod fa? Fankshin ne da ke zaune cikin kilas, kamar zuba da kwasa. Bambancinsa da ɗan canji shi ne yana da mabuɗin asusu. Kalmar self da ke firgita mutane, ma'anarta kawai "wannan adashin da ake magana a kansa". In ka rubuta na_mata.zuba("Hadiza"), Python na ɗaukar na_mata ya saka shi a gurbin self, shi ya sa fam 20 ke shiga asusun mata, na maza ko motsi bai yi ba. Kun gane? Abin da ke hagun ɗigo shi ne mai kayan, abin da ke dama shi ne aikin da aka sa shi.

Kuma kun daɗe kuna amfani da wannan ba ku sani ba. len("sannu") fankshin ne. "sannu".upper() metod ne. Masu aiki da pandas, duk lokacin da kuka rubuta df.head(), metod kuka kira a kan objek.

Ga wani tarko da nake yawan gani a aikin ɗalibai. Mutum ya ɗauke littafi = [] daga cikin __init__ ya ajiye shi a sama, ƙarƙashin sunan kilas kai tsaye. Python ba zai yi ƙorafi ba. Amma yanzu littafin ya zama na kilas, duk adashin da aka kafa a cikinsa za su riƙa rubutu, sai ka ga sunan Hadiza a adashin maza. A bincike irin nawa, inda kowane batir na ajiyar wutar sola objek ne mai tarihin cajinsa, wannan kuskure zai haɗa tarihin batira duka wuri ɗaya, jadawali ya fito da kyau, sakamakon kuwa ƙarya ne. Kuskuren da ba ya ihu ya fi haɗari.

Wannan tunani ba yau aka fara shi ba. Mutum biyu ne a Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka kawo kilas da objek a harshen Simula 67. Matsalarsu ita ce kwaikwayon al'amuran duniya a kwamfuta, inda abubuwa da yawa ke motsi lokaci guda kuma kowanne na da nasa halin. An ba su lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001. Python kuwa Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, kuma tun daga Python 3 za ka iya sa ƙ da ɗ da ɓ a sunayen da kake raɗawa. Kuɗi ɗin da kuka gani a allo da ɗ ɗinsa yake aiki. In za ka miƙa wa malami, ka mayar da sunayen Turanci. Amma lokacin koyo, rubuta su da Hausa na taimakawa, domin nan take za ka bambance kalmomin da Python ya mallaka, irin su def da return, da waɗanda kai ka ƙirƙira.

Yaushe za ka yi fankshin, yaushe za ka yi kilas? Ka tambayi kanka: akwai abin da ya kamata a tuna tsakanin kira da kira? In babu, ɗan canji ya ishe ka, kada ka wahalar da kanka. In akwai, nemo uwar adashi. Wannan ita ce amsar da mai jarrabawa ke son ji daga bakinka.

Ga aikin gida, kafin taronmu na gaba. Ku kwafi wannan Adashi da hannunku, harafi bayan harafi. Ku ƙara metod da zai faɗi ko wane ya zuba ko bai zuba ba. Sannan ku ɗauke littafin ku kai shi sama da gangan, ku ga ɓarnar da idonku. Wanda ya maƙale ya tura tambaya a zaurenmu na WhatsApp, matambayi ba ya ɓata. 'Yan uwa mata, ku ma ina jiran naku, don adashi kun fi mu sanin kansa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya, ya mayar da mu ga iyayenmu da abin alfahari.